Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Maganin Ƙaiƙayin Ido

Maganarmu ta yau a kan ido ce.

Kowace shekara in hunturu ya kawo ƙura, ko gero ya yi bununi, sai ku ga mutane, tun ba yara ba, idanunsu sun yi ja, suna hawaye, suna ta susa. Sau da yawa wannan borin jini ne na ido. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Abin da ke faruwa shi ne, in ƙura ko bununi ya faɗa idon mai wannan lalura, sai jiki ya saki wani sinadari da a ke kira histamin, shi ne ke sa ƙaiƙayi da kumburi.

A 1937 masana a birnin Faris, cikinsu har da Daniel Bovet, suka gano maganin farko mai tare aikin histamin. Daga baya aka yi irinsa na ɗigawa a ido. Ɗaya daga cikinsu, olopatadine, an yarda da shi a Amurka a 1996. Akan ɗiga ɗigo guda a kowane ido, sau ɗaya ko biyu a yini, gwargwadon yadda likita ya rubuta.

To, ga inda haɗari ya ke. Ba kowane jan ido ne borin jini ba. Akwai Afolo, wanda ya fara ɓulla a Gana a 1969, shi kuwa yaɗuwa ya ke yi, wannan magani ba ya kashe shi. Akwai kuma wani maganin ɗigawa mai sitiroyid da a ke saye a kemis ba tare da takardar likita ba. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, amma in aka daɗe ana sa shi yakan jawo hawan jinin ido ko yana. Ganin da hawan jinin ido ya ci kuwa ba ya komowa.

Saboda haka muna roƙonku ku gaya wa dagatai da masu unguwanni su sanar da talakawa. Mai ciwon ido ya tafi asibiti a duba shi kafin ya sayi magani. Kada a yi aron kwalbar wani, kada bakinta ya taɓa ido, a kuma yar da ita mako 4 bayan buɗewa. Kada a zuba fitsari, ko nono, ko ruwan ganye. In ƙaiƙayi ya matsa, a ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, a bar susa. Wanda ya ji zafi mai tsanani, ko ganinsa ya dushe, a kai shi ran nan, kada a kwana.

Yaron da ya makance kan maganin ƙaiƙayi hasara ce ga gidansu da ƙasarku duka. Maganarku ita talakawa ke ji.