Tafiyar Malami Ƙasar Waje: Wace Tsaraba Za Ta Kawo Wa Marayunmu?

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai.

An umurce ni da in yi tsokaci a kan shawarar da ke gaban ƙungiyarmu, wato ɗaukar nauyin malami ɗaya ya tafi Ingila domin ƙulla zumunci tsakanin makarantarmu da wata ta can. Ina goyon bayan shawarar, amma da sharaɗi.

Irin wannan tafiya ba baƙuwa ba ce a Arewa. A 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana malamin makaranta a Bauchi, ya tafi sashen horar da malamai na Jami'ar Landan. Malam Aminu Kano ya bi sahunsa a 1946, ya kuma dawo da niyyar haɗa kan malamai, wadda ta haifar da ƙungiyar malaman Arewa. Abin lura shi ne, da abin da suka yi bayan dawowa ake tunawa da su.

A zamaninmu ma, hukumar British Council, wadda ke da ofishi a Kano, ta gudanar da shirin Connecting Classrooms, inda malamai ke ziyartar juna. Zangon da ya fara a 2018 ya ƙare a 2022. Haka nan shirin ilmin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya, wanda Zamfara ke cikin jihohinsa shida, ya yi shekara goma daga 2012 zuwa 2022, shi ma ya naɗe tabarmarsa. Kuɗin baƙo yana da ranar ƙarewa, amma yara suna nan.

Jama'a, kun fi ni sanin halin da ake ciki. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumba na wannan shekarar aka sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, har gwamnati ta rufe makarantu. Duk wanda ke bin hanyar Wanke, Tsafe ko Bungudu ya san iyalan da suka baro ƙauyukansu suka taru a gari. 'Ya'yansu ne ke tallar ruwa a tasha, alhali sa'o'insu na aji.

Saboda haka ga sharuɗɗa uku. Na farko, kafin malam ya hau jirgi, mu zauna da kwamitin kula da makaranta da masu unguwanni a rubuta sunan kowane maraya da ɗan gudun hijira, da ajin da ya tsaya. Wanda bai san yawan masu cin tuwo ba, ba ya auna gari daidai.

Na biyu, kada malam ya tafi da ƙoƙon bara. Ya je ya ga yadda suke gano yaron da ya daina zuwa makaranta, da yadda suke lallashin wanda firgici ya hana shi karatu. Shi ma yana da abin koya musu, domin wanda ya iya riƙe aji cike maƙil da alli kaɗai ba ƙaramin gwani ba ne.

Na uku, a yi yarjejeniya a rubuce da sunan makarantun biyu, ba da sunan mutum ba, don kada canjin wurin aiki ya kashe zumuncin. In ya dawo, ya horar da sauran malamai, a kuma karanta mana rahoto a taro na gaba.

Amma kayan makaranta, littattafai da kuɗin jarrabawar WAEC da NECO na waɗannan yara, wannan nauyinmu ne, ba na Bature ba. Ina roƙon a buɗe asusu yau kafin mu watse, kowa ya sa daidai ƙarfinsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya saka wa malamanmu da alheri.