'Yartsana Mai Leƙen Asiri: Dabarun Ba Da Labari a Majigin Coraline



Abin da zan yi magana a kansa yau majigi ne na yara, kuma na san akwai waɗanda za su ce me ya haɗa malamin Hausa da wasan 'yan tsana na Amurka. To, sana'armu nazarin labari ce, kuma duk inda aka ƙulla labari da gwaninta akwai abin da za mu je mu gano. Majigin nan, Coraline, ya fito a shekarar 2009. Henry Selick ne ya shirya shi a kamfanin Laika da ke Jihar Oregon, ya kuwa ɗauko labarin daga wani ɗan littafi na Neil Gaiman, marubuci ɗan Ingila, wanda aka buga a 2002. Iyaye da yawa sukan yi shakkar barin 'ya'yansu su kalle shi, saboda yana ba da tsoro ƙwarai, alhali kuwa babu yanka a cikinsa, babu zubar da jini. Tambayar da nake so mu bi ita ce, daga ina wannan tsoro yake fitowa? A nawa ganin, an shuka shi tun cikin mintunan farko, da aka sanar da mai kallo abin da tauraruwar labarin ba ta sani ba.

Ga labarin a taƙaice, domin waɗanda ba su gani ba. Coraline yarinya ce 'yar shekara 11. Iyayenta sun ƙaura da ita daga Michigan zuwa wani tsohon gida a Oregon, sun kuwa duƙufa a kan aikin rubutu, ba su da lokacinta. A ɗakin zama ta tarar da wata 'yar ƙofa wadda da rana bulo ne a bayanta, da dare kuwa sai ta zama hanya zuwa wani gida mai kama da nasu sak, da uwa da uba masu kama da nata, sai dai sun fi nata fara'a da iya girki, kuma maimakon idanu maɓallan riga ne a fuskarsu. Matar can tana kiran kanta ɗaya uwar yarinyar, don haka zan riƙa ce mata Ɗaya Uwar. Daga baya ta ce Coraline na iya zama har abada, muddin ta yarda a ɗinka mata maɓallai a gurbin idanunta.

Amma fa majigin bai fara da Coraline ba. Kafin mu ga fuskar kowa, sai mu ga wata tsohuwar 'yartsana ta shigo ta taga, wasu hannuwa masu yatsun allura sun cafe ta. Suka warware ɗinkinta, suka cire mata gashi da idanu, suka zazzage cikinta, suka juya ta ciki waje kamar yadda mahauci ke juya tumbi. Sa'an nan suka sake cusa ta, suka ɗinka mata shuɗin gashi da rawayar rigar ruwa, suka sake ta ta taga. Ba a ce uffan ba. Jim kaɗan sai ga yarinya ta fito daga gida da shuɗin gashi da rawayar rigar ruwa. Yaro ɗan shekara 6 ma ya gane, watau an ɗinka kamanninta tun kafin ta iso, wani yana jiran ta. Daga nan duk abin alheri da aka yi wa Coraline, mai kallo da ido biyu yake kallonsa. Ita tana murna da gasasshiyar kaza, shi kuwa yana lura da cewa Ɗaya Uwar ba ta cin komai, farantinta wayam.

Masanin tatsuniyoyi ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya nuna a littafinsa na 1928 cewa tatsuniyoyin al'ajabi na ƙasarsu suna bin matakai 31, kuma a jere suke zuwa. A farkonsu, manya sukan gusa, a kafa wa yaro doka, ya karya, sa'an nan mugu ya yi leƙen asiri, ya sami labari, ya shirya yaudara, yaro ya faɗa. Duk waɗannan suna nan a Coraline. Abin da Selick ya yi shi ne ya tsamo leƙen asirin daga tsakiyar jeri ya kawo shi gaba da kome, ya kuma ba shi jiki, watau 'yartsanar. A littafin Gaiman babu wannan 'yartsana mai kama da yarinyar, ƙarin majigi ce. Wani yaro maƙwabci, Wybie, shi ya samo ta a akwatin kakarsa ya aiko wa Coraline, ita kuwa ta riƙa yawo da ita ɗaki ɗaki tana ƙorafi, ba ta san idanun mayya take ɗauke da su ba. Duk abin da ta kuka da shi a gaban 'yartsana, shi za ta tarar an gyara a can. Ta yi kukan abinci, an yi mata liyafa. Ta so a yi shuka an hana ta, sai ga lambu an shirya shi da siffar fuskarta. Maƙwabta suna ɓata sunanta suna ce mata Caroline, a can kuwa kowa ya iya faɗinsa daidai. Wybie ya dame ta da surutu, sai aka yi mata wani Wybie bebe. Wannan na ƙarshe ya kamata ya razana ta, amma daɗi ta ji, kuma a nan ne mai kallo zai fara jin ba Ɗaya Uwar kaɗai ce abar tsoro ba, har da irin abin da yarinyar take so.

Ku lura kuma, ba a nuna 'yartsanar tana tafiya. An ajiye ta a nan, aka waiwaya, sai ga ta can bayan wani kwali, a daidai bakin 'yar ƙofar da aka lulluɓe da takardar bango. Da an nuna ta ta miƙe tana takawa, da abin ya koma wasa. Da aka ɓoye tafiyar, sai shakka ta zauna: tana da rai ko ba ta da shi? Wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Ernst Jentsch, ya rubuta a 1906 cewa irin wannan shakka ita ce tushen tsoron da mutum-mutumi ke bayarwa. Sigmund Freud ya ja da shi a 1919, a nazarinsa na wani labari na Hoffmann wanda yake da 'yartsana mai suna Olimpia da kuma dodo mai ƙwaƙule idanun yara, ya ce fargabar rasa ido ita ce ƙashin bayan abin. Ba sai mun raba musu gardama ba, domin maɓalli ya haɗa maganganunsu biyu wuri ɗaya. Idon 'yartsana ne, kuma kafin a sa shi sai an rasa na gaske.

A nan akwai wata matsala da ta shafi yadda aka yi majigin kansa, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Coraline ba zane ba ne. 'Yan tsana aka ƙera, a tsayar da su a ɗauki hoto, a ɗan motsa hannu ko a canja fuska a sake ɗauka, ga shi kuwa majigi yana cin hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan Coraline kanta 'yartsana ce, iyayenta na gaskiya ma haka. To, yaya za a yi mai kallo ya yarda cewa waɗannan mutane ne, waɗancan kuwa ɗinki ne? Da ido aka raba su. Idon Coraline yana juyawa, yana harara, yana ƙiftawa. Maɓalli kuwa ba ya duban ko'ina, saboda haka ba ka sanin inda yake duba, kuma murmushin da ke ƙarƙashinsa ba shi da mai gaskata shi. Haka kuma aka yi da ɗakunan: gidan gaskiya an matse shi, launinsa toka-toka, na can kuwa an zurfafa shi an cika shi da launi, har mai kallo ma ya fi son zuwa can, ko da yake ya san abin da ke jira.

Sau uku Coraline ta je kafin a fito mata da allura, abubuwan al'ajabi uku aka nuna mata, watau lambu, da wasan ɓeraye, da wasan dandali na tsofaffin mata biyu, kuma fatalwar yara uku ta tarar a bayan madubi, waɗanda suka riga ta yarda da maɓalli. Wannan lissafi na uku ba sai na tsaya a kansa ba, duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa da dare ya san shi. Abin lura shi ne yadda aka sake bin su. Da Ɗaya Uwar ta sace iyayenta na gaskiya, sai Coraline ta ƙulla caca da ita: in ta gano iyayen da idanun yaran uku, a saki kowa, in ta kasa, a yi mata ɗinki. Idanun kuwa a cikin abubuwan al'ajabin nan uku aka ɓoye su. Saboda haka sai ta koma wuraren da ta yi dariya jiya, kowanne ya juye ya zama abin gudu. Uban can ya kumbura ya koma kabewa, mai wasan ɓeraye ya zama tufafi cike da ɓeraye, duk inda ta ɗauke ido sai launi ya zube, wurin ya mutu. Ɗinkin da muka ga an yi a farko, shi ake warwarewa a gabanmu.

Wannan ya tuna mini da tatsuniyarmu ta budurwar da ta ƙi samari ta ce sai marar tabo, har dodo ya ari jiki ya zo ya aure ta, a hanyar komawa gida kuwa ya riƙa mayar da kayan aro ɗaya bayan ɗaya. Ba ina cewa wani ya ɗauka daga wani ba ne. Dabarar ce ɗaya: mugu ba shi da nasa, aro yake yi gwargwadon kwaɗayin wanda yake farauta, kuma ranar mayar da aro ita ce ranar tsoro. A majigin, baƙin muzurun da ke yi wa Coraline jagora, wanda ba ya magana sai a can, ya raka ta tafiya nesa da gidan, sai itatuwa suka ƙare, duniya ta zama fari fat, suka sake ɓullowa a ƙofar gidan da suka baro. Iyakar abin da zai burge yarinya, iyakar abin da aka ɗinka ke nan. Can ƙarshe kuma, da Ɗaya Uwar ta tuɓe kamannin uwa ta tsaya tsakiyar saƙarta kamar gizo-gizo, sai muka ga hannuwanta, yatsun alluran nan ne na mintin farko.

Akwai wuri ɗaya da nake ganin majigin ya kasa littafin. Bayan Coraline ta tsere ta kulle ƙofa, hannun Ɗaya Uwar da ya guntule ya biyo ta neman mabuɗi. A majigi, hannun ya kama ta a bakin tsohuwar rijiya, Wybie ya zo ya taimaka, aka farfasa shi da dutse aka jefa a ciki. Kokawa ce kawai, ƙarfi da sa'a. A littafin kuwa ita kaɗai ta yi aikin, da wayo. Ta ɗebe katakan da ke rufe da rijiyar, ta shimfiɗa mayafin tebur a kan ramin, ta jera tsofaffin 'yan tsananta kewaye da shi da kofunan shayi, ta yi kamar ƙaramar yarinya mai wasan ɗaki, ta ajiye mabuɗin a tsakiya. Hannu ya yi tsalle ya cafe shi, mayafi ya rufta da shi. Majigin da ya ƙago 'yartsana mai leƙen asiri shi ya fi cancanta da wannan ƙarshe, inda yarinya take kafa tarko da 'yan tsana kamar yadda aka kafa mata, amma sai ya bar shi a littafi.