ƘOFA DA MA'AUNI: JAWABI GA MASU ZUBA KUƊI A NOMAN RANI NA DAƊIN KOWA

Wani tsohon ma'aikacin ban-ruwa ne ya gabatar da wannan jawabi a gaban 'yan jam'iyya da manoma a unguwar Kumbiya-Kumbiya, cikin garin Gombe. An buga shi a wannan shafi saboda 'yan'uwa mazauna Ikko, da Badun, da Fatakwal, da sauran garuruwan Kudu, waɗanda da yawansu suke aiko da kuɗi gida a kama musu fili a yi musu noman rani.



Duk wanda ya buɗe famfo a Kumbiya-Kumbiya ya yi sa'a ruwa ya zo, to ruwan Kogin Gongola ya sha. Daga madatsar Daɗin Kowa ake turo shi, kimanin kilomita 37 gabas da Gombe, tun lokacin da aka yi babban aikin ruwan sha na zamanin Gwamna Muhammad Ɗanjuma Goje. Gwamnatin Tarayya ce ta gina madatsar, aka gama ta cikin 1984, aka danƙa ta ga Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama mai hedkwata a Yola, ɗaya daga cikin hukumomin raya koguna da aka kafa a 1976. An yi kirdadon ruwanta zai iya shayar da hekta 44,000. Amma shekaru suka yi ta wucewa, ruwa na nan jibge kamar teku, abin da ake nomawa da shi ɗan ƙaramin yanki ne kawai. Ko injin lantarkin nan mai megawat 40 sai da ya yi jiran fiye da shekara talatin kafin ya soma ba da wuta.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Madatsa abu ce da ake buɗewa da kiɗa da jawabi, ana ɗaukar hoto. Magudana kuwa, da ƙofofin da ke kanta, da ma'aunin da ke gefenta, ba wanda ya taɓa yin suna saboda su. Alhali ruwan da ke bayan madatsa ba na manomi ba ne sai ran da ya iso bakin fangalinsa, a lokacin da shuka take bukata, gwargwadon abin da take bukata. Tsakanin madatsa da fangali kuwa ba abin da ke yanke hukunci sai ƙofa da ma'auni.

Manomin fadama na dā bai rasa ma'auni ba. Mai jigo ya san guga nawa ke cika fangali ɗaya, domin da ƙarfin damtsensa yake biya, saboda haka ba ya ɓarna. Shari'a ma ba ta bar ruwa ba ma'auni. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da ruwan kwarin Mahzur da Muzainib a Madina, watau na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sake wa na ƙasa. Idon sawu a nan shi ne ma'auni, kuma hikimarsa ita ce kowa yana iya ganinsa da idonsa, mai gona da maƙwabcinsa duka. A Masar kuma, a tsibirin Rauda da ke Alƙahira, har yau akwai rijiyar awon Kogin Nilu wadda aka gina a shekara ta 861, zamanin Halifa Mutawakkil. Ginshiƙi ne a tsakiyar rijiya da aka yi wa zane-zane na zira'i, in ruwa ya kai zira'i 16 an san shekara ta yi kyau, a kan haka ake aza haraji.

Ma'auni mafi sauƙi a magudanar zamani jikan wannan ginshiƙi ne, watau sandar awo, ƙarfe ko allo da aka zana wa santimita aka kafe a jikin magudana. Amma a lura, sanda zurfin ruwa take faɗi, ba yawan ruwan da ke wucewa ba. In laka ta taru a ƙasa, ko ciyawar kacala ta cushe magudana, kamar yadda ta addabi magudanan Kadawa da Kura da kwarin Haɗejiya, sai ruwa ya kumbura, sanda ta nuna magudana cike take, alhali ruwan tafiyar hawainiya yake yi, na ƙarshen layi yana can yana kallon busasshiyar ƙasa. Don haka ne injiniyoyi suka ƙago gine-ginen da ke tilasta wa ruwa bin ƙofa mai siffar da aka sani, yadda zurfinsa zai faɗi gaskiyar yawansa.

Na farko shi ne shingen awo, faranti na ƙarfe da ake gitta wa ruwa, aka yanke samansa kamar bakin almakashi a buɗe, ruwa yana zubowa ta cikin yankan. Lissafinsa abin mamaki ne, ya kamata kowane manomi ya riƙe shi. In yankan mai kusurwa 90 ne, ruwa ya hau santimita 10 bisa gindin yankan, abin da ke wucewa ya ɗan haura lita 4 a kowace daƙiƙa. In ya hau santimita 20, ba lita 8 ba ce kamar yadda mutum zai zata, kusan lita 25 ce. Watau ninka tsawo sau biyu, ruwa ya ninku fiye da sau biyar. Ke nan wanda ya ce “ai ɗan yatsa biyu kawai aka ƙara wa wancan layi” ko dai bai san lissafi ba, ko kuwa ya sani sarai. Aibin wannan shinge shi ne yana tare laka a bayansa, kuma yana bukatar gangare, ga shi filayen ban-ruwa yawancinsu shimfiɗaɗɗu ne.

Saboda wannan aibi ne wani injiniya a jihar Kolarado ta Amurka, mai suna Ralph Parshall, ya daidaita wani ma'auni cikin shekarun 1920, wanda har yau ake kira da sunansa. Siffarsa kamar maƙogwaro: magudana ta tsuke a hankali, ta zama siririya, daɓen ya ɗan sauka, sa'an nan ta sake buɗewa. Ruwa in ya iso matsatsin sai ya ƙara gudu ya kwashe lakarsa ya wuce da ita. Mai gadi ya karanta sandar da ke gaban maƙogwaron, ya duba takardar lissafi, ya rubuta lita kaza. Ba inji, ba mai, ba lantarki, birkila na gari zai iya gina shi in an ba shi awo daidai. Sharaɗinsa biyu ne, ya zauna daram ba karkata, kuma kada ruwan da ke bayansa ya taru ya shaƙe shi.

Wannan awo ke nan. Sarrafawa kuwa aikin ƙofa ne. Akwai babbar ƙofa a kan magudana inda ruwa ke shigowa, faifan ƙarfe mai sanda mai zare da sitiyari, a murɗa ya ɗaga, a murɗa ya sauka. Akwai ƙofar gicciye, wadda ake ginawa a tsakiyar magudana don ta ɗaga ruwa ya kai bakin ƙananan layuka. Sa'an nan akwai 'yar ƙofar da ke ba kowane rukunin gonaki. Daga nan manomi ya ɗora mesarsa ta roba bisa kunya ya zuƙo ruwa zuwa fangali, yadda ake yi a Kura.

Duk rigimar ban-ruwa a ƙofar gicciye take kwana. Mutum ya fito da tsakar dare ya jefa buhunan yashi ko katako cikin magudana, ya zama ya gina tasa ƙofar gicciye ba da izinin kowa ba. Ruwa ya kumbura a wajensa, shinkafarsa ta sha ta ƙoshi har ta yi yawa, na ƙasa da shi su wayi gari ba ko ɗigo. Wani kuma ya fasa kwaɗon ƙofa, wani ya kwance sitiyarin ya sayar wa 'yan gwangwan. Abin baƙin ciki, shi kansa mai satar ba riba ya ci ba, domin ruwan da ya wuce kima yana wanke taki, yana jiƙe ƙasa har ta yi kanwa. A ƙasashe kamar Maroko an rage wannan fitina da gine-ginen da ba su da abin murɗawa da yawa. Akwai shinge mai siffar bakin agwagwa, dogon leɓe wanda ke riƙe ruwa kusan a tsawo ɗaya ko ya ƙaru ko ya ragu. Akwai kuma ƙofofin kamfanin Neyrpic na Faransa, jerin ƙananan tagogi, wannan lita 5, wannan 10, wannan 15, kowace a buɗe take ɗungum ko a rufe ɗungum, a sa mata kwaɗo. Yaro ma in ya ƙirga tagogin da ke buɗe ya san ruwan da aka ba layinsu.

Inda ba kuɗin waɗannan, agogo ya isa ma'auni. A yankin Fanjab na Indiya da Pakistan an daɗe ana raba ruwa da tsarin da suke kira warabandi, watau karɓa-karɓa na mako-mako. Mako yana da awa 168, minti 10,080 ke nan. In layi yana shayar da hekta 100, kowace hekta ta sami kimanin minti 100 a mako, a rubuce, da rana da sa'a, ko sa'ar ta faɗo ƙarfe biyun dare. Mai hekta biyu ya sami ninki. Ba a roƙon kowa, ba a gaida kowa da goro.

Mutanen Gombe suna da dangi da suka san wannan sha'ani tun kafin a yi tunanin Daɗin Kowa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, a nan bakin Gongola, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka zauna a Sudan a bakin Shuɗin Nilu, garin da har yanzu ake kira Mai Wurno. Kusa da su aka gama madatsar Sannar a 1925, aka buɗe gonakin Jazira, Hausawa da Fulani masu yawa suka yi ƙwadagon auduga a can. Abin da ya riƙe Jazira a zamanin ƙarfinta shi ne kowane sufeto yana rubuta ruwan da gonakinsa ke bukata, a tara, a buɗe ƙofa gwargwadon jimla. Da aka daina yashe magudanai aka bar ƙofofi suka lalace, sai amfanin ya yi ta ja da baya, madatsa kuwa tana nan tsaye.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don shirin gyaran ban-ruwa da ake kira TRIMING, wanda ya shafi Bakalori, da Kogin Kano, da kwarin Haɗejiya, da Rima ta Tsakiya, da Daɗin Kowa. Jigon shirin shi ne a kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su karɓi kula da ƙananan magudanai, su tara kuɗin ruwa su yi gyara. Tunani ne mai kyau, amma yana da sharaɗi. Ba a ce wa talaka ya biya kuɗin abin da ba a auna masa ba. In na kan layi da na ƙarshen layi za su biya kuɗi ɗaya a kan hekta, ɗaya ya sha sau uku a mako ɗaya kuma sau ɗaya cikin kwana goma, to na ƙarshe zai daina biya, kuma yana da gaskiya. Abin da ya kamata wakilan jama'a su nace a kai a majalisa shi ne a ware kuɗin man giris, da fenti, da kwaɗo, da albashin mai gadin ƙofa cikin kasafin kowace shekara, a kuma riƙa manna awon kowane layi a allo inda kowa zai karanta.

Saura magana ga 'yan'uwa na Kudu. Mai sayar da tumatir da albasa a kasuwar Mil Sha-biyu, da mai canji a Agege, da ɗan Sabo na Badun, mutum ya yi shekara yana tara kuɗi cikin wahalar baƙunci, ya aiko wa ƙanensa a kama hekta ɗaya. Abin da akan tambaya ta waya shi ne nawa ne haya, nawa ne buhun taki. Ba a cika tambayar a ina filin yake a jikin magudana ba, alhali fili biyu masu ƙasa iri ɗaya da haya iri ɗaya, na kan layi da na ƙarshensa, ba ɗaya ba ne ko kusa. Injiniyoyi sukan ƙiyasta hekta ɗaya a cikin rani tana bukatar wajen lita ɗaya a kowace daƙiƙa dare da rana, lita 86,400 ke nan a yini, shinkafa ma ta fi haka. In magudana ba ta kawo ba, injin ban-ruwa da fetur ne za su kawo, kuma daga aljihun mai aiko da kuɗi za su fito.

Saboda haka kafin a biya haya, a sa ƙanen ya taka da ƙafarsa daga bakin filin ya bi magudana har zuwa ƙofar da ke ba ta ruwa. Ya duba ko ƙofar tana da sitiyari da kwaɗo, ya tambaya maɓalli a hannun wa yake. Ya duba ko akwai sandar awo da lambobinta suke karantuwa. Ya nemi shugaban ƙungiyar masu ruwa na layin ya nuna masa takardar karɓa-karɓa, da ranar da ta faɗo kan wannan fili. Sa'an nan ya je wurin manomin da ke can ƙarshen layi, ba na farko ba, ya tambaye shi sau nawa ruwa ya iso masa cikin watan Maris na bara.