Abin da Muka Gano a Fadamar Haɗejiya da Nguru



An nemi mu ba da labarin yadda muka yi hutun hunturun da ya wuce, watau tafiyar da mu biyar muka yi zuwa fadamar Haɗejiya da Nguru domin kallon tsuntsaye da ɗaukar hotonsu. Mun san akwai masu murmushi a cikinku, don kuwa a gida ma an tambaye mu ko karatun jami'a ne ya kai mu ga bin tsuntsu ba da niyyar cin namansa ba.

Wannan fadama tana inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke bazuwa kafin su haɗu su nufi tafkin Chadi, kuma tun 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Dalili kuwa shi ne, idan sanyi ya tsananta a Turai da Rasha, agwagi da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa sukan ƙetare Sahara su sauka a nan, su zauna har bazara. Abin sha'awa, lokacin da waɗannan baƙi suke isowa, shamuwa, wadda kan zo mana da damina, ta riga ta yi kudu.

Mun shiga kwale-kwale bayan sallar asuba a wajen Dagona, kusa da Gashuwa. Ranar farko ba mu sami hoton kirki ko ɗaya ba. Mun sa fararen riguna, muna ta surutu, kuma duk wanda ya hango dinya sai ya miƙe tsaye, ita kuwa ta tashi. Masuncin da ke tuƙa mu, dattijo ne mai haƙuri, ya ce, "Samari, tsuntsu ya riga ku ganin ku. Ku zauna shi ya zo." Washegari muka sa tufafi masu launin ƙasa, muka ba rana baya don haske ya faɗa a kan tsuntsun, muka lafe a bayan ciyawa kusan awa biyu. Sa'an nan ne kirinjijiya suka sauka gabanmu suna fito, zalɓe ya tsaya cak yana dakon kifi, jinjimi yana caccakar laka. Wayar hannu ba ta da amfani sosai a wannan aiki. Kyamara ɗaya mai dogon gilashi da muka aro ita ta fisshe mu, ita ma sai kafin hazo ya yi kauri.

To, amma akwai tsuntsun da muka tafi dominsa musamman, shi ne gauraka, mai tukkun nan kamar zinariya, wanda sunansa bai ɓace a tatsuniya da kirari ba. Kwana shida muna nema, ba mu gan shi ba. Dattijon ya ce yana yaro garke-garke suke kiwo a bakin gonakin shinkafa, amma ya daɗe rabonsa da su, saboda masu kamawa su sayar wa masu gidajen alfarma, da kuma ƙarancin wurin da za su yi sheƙa.

Wannan na biyu shi ya fi tsaya mana a rai. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da kan cika fadamar kowace shekara ta sauya hali. Inda ruwa ya daina zuwa ya bushe, inda kuma ya ƙi janyewa kacalla ta mamaye, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, har ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye wa manoma hatsi. Ba mu ce madatsun ba su da amfani ba. Da yawanmu ruwansu muke sha a Kano. Amma wasunku da ke nan ma'aikata ne, kuma wata rana takardar rabon ruwan nan za ta iya biyowa ta teburinku. Ku sani a ƙarshen kogin akwai masunci da manomi da makiyayi, kuma abin da ya kori gauraka bai bar su ba.

Har ungulu, wadda dā ba a rasa ta a mahauta, ɗaya tak muka gani duk tafiyar. Tun 2015 aka sa irin tamu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya.

Hotuna ashirin da huɗu muka liƙa a bakin ƙofar zauren nan. Bakwai daga ciki ba mu rubuta musu suna ba, domin sunansu na Turanci kawai muka samu a littafi, dattijon kuwa da Badanci ya san su. Muna roƙon 'yan Haɗejiya da Nguru da Gashuwa su duba, wanda ya san sunan Hausa ya rubuta a ƙasa. Wurin da kuka ga an bari babu hoto, na gauraka ne.