Takalmin Ɗan Makaranta da Lafiyar Ƙafarsa

Mai yiwuwa wani ya yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da zancen takalmi. Amma Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ban san wani icce ɗanye da muke tanƙwarawa kullum ba tare da saninmu ba kamar ƙafar yaro. Maganata a yau guda ɗaya ce, watau takalmi ne ya kamata ya bi ƙafa.

Kakanninmu sun san wannan. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a shekarar 1851, ya ambaci takalman fata cikin kayayyakin da ake yi a birnin ana kai su ƙasashe masu nisa. Majemi ya jeme fata, baduku ya yanka ta a kan ƙafar mai ita, yatsu suna sake, iska na shiga. Da ilimin zamani ya bazu, musamman bayan shirin ba da ilimin firamare ga kowa na shekarar 1976, sai takalmi ya shiga jerin kayan makaranta, aka koma sayensa a kasuwa bisa lamba, sau da yawa mai ƙafar ma yana gida.

To, mece ce wannan ƙafa? A ƙafar baligi akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. Amma ta jariri yawancinta guringuntsi ne, ba kuwa ta gama ƙosawa sai bayan balaga. Saboda taushin nan, matsattsen takalmi yana iya karkata babban yatsa, ya lanƙwashe ƙananan, ya tura farce cikin nama, ya jawo bororo da kanta, alhali yaron bai ce uffan ba. Wani bai ji zafin sosai ba ne, wani kuwa kunya da tsoron uba suka hana shi faɗa.

Kurakuranmu uku ne. Na farko, a sayo babba don yaro ya girma a ciki, har a cusa tsumma a gaba. Sai ka ga yana jan ƙafa, yana ƙanƙame yatsu don kada takalmin ya zame, yana yawan tuntuɓe. Na biyu, a bar shi da wanda ya yi masa kaɗan, wai ai bai tsinke ba. Na uku, a ba ƙane na wa, ko a ɗauko na gwanjo wanda dunduniyarsa ta riga ta ci gefe guda bisa takun wani. Ba na zargin kowa, don na san halin da magidanta ke ciki. Sai dai araha ba ta ado.

Kada kuma a ɗauka rufaffen takalmi mai nauyi shi ne ya fi. A shekarar 1992 likitoci biyu a Indiya, Rao da Joseph, sun duba yara 2,300, suka tarar shafaffen tafin ƙafa ya fi yawa ga masu sa takalmi a kan masu tafiya ba shi, ya kuma fi yawa ga masu sa rufaffe. Ƙafa tana samun ƙarfi ne da motsi. Bugu da ƙari, a zafin bazara, takalmin roba da safar leda suna tara gumi, daga nan sai wari da cin ruwa a tsakanin yatsu.

Ashe ke nan a bar yara su tafi ƙafa ba takalmi? A'a. Inda ake bahaya a fili, ƙwayayen wata tsutsar ciki suna ƙyanƙyashewa a cikin ƙasa mai laima, su huda fatar ƙafa, su bi jini zuwa huhu, su ƙare a hanji suna tsotsar jini. Yaron da jininsa ya yi ƙaranci kuwa, gyangyaɗi zai yi ta yi a aji, malam ya ce raggo ne. Ga ƙaya da ƙusa da fasasshiyar kwalba, ga faso lokacin hunturu.

Saboda haka ga shawarata. A tafi da yaro kasuwa, da yamma, don ƙafa takan ɗan kumbura bayan yawon yini. A gwada ƙafafu biyu yana tsaye, a bi wadda ta fi girma. A bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu, wajen milimita 12, tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi. Tafinsa ya kasance shimfiɗaɗɗe mara nauyi, mai lanƙwasuwa a gindin yatsu, da maɗauri mai riƙe dunduniya. In ba halin zuwa da shi, tsinken tsintsiya da muka saba aunawa da shi tsawo kaɗai yake nunawa. Gara a zana ƙafar a kan kwali, a yanka, a zura cikin takalmin. Kuma a sake dubawa a farkon kowane zangon karatu.

Daga ƙarshe, ina roƙon ma'aikatan ilimi da ke zauren nan su sake duban dokar kayan makaranta. Sandal na fata mai maɗauri, irin wanda dukawanmu ke iya ɗinkawa, ya wadatar. Bai dace a kori yaro daga aji saboda launin takalmi ba, alhali ba wanda ya duba ko yana matsa masa. Ku kuma iyaye, yau da dare in an tuɓe, ku kama ƙafar nan ku duba. Jan tabo ko bororo zai gaya muku abin da yaron ya kasa faɗa.