Rundunar tsofaffin sojan Arewacin Ingila, wadda ta yi shekara ɗaya



Tun da akwai ƴan mazan jiya cikinmu, yau mun ɗauko labarin wata rundunar sojan ƙasa ta Ingila, Royal Northern Reserve Regiment, wato rundunar ko-ta-kwana ta Arewa. Arewar Ingila muke nufi, ba tamu ba.

A watan Oktoba na 1899, shekarar da Faransa ta shiga Damagaram, yaƙi ya tashi a Afirka ta Kudu tsakanin Ingila da Turawa manoma da ake ce wa Bowa. Cikin Disamba, a mako guda, Bowa suka kori sojan Ingila sau uku. Aka yi ta kwasar soja ana turawa can, har barikokin gida suka kusa zama wayam.

Sai a 1900 Sarauniya Biktoriya ta yi kira ga tsofaffin sojojin da aka riga aka sallama: su dawo su tsare gida shekara ɗaya, a ba su fam 22 na lada. Mutanen da suka manta da fareti, masu iyali, wasu har da furfura, suka aje sana'a suka sake sa kaki. Aka rarraba su runduna runduna, ta Arewa na ciki. Ba su ga fagen daga ba. Gadi ne aikinsu, don samari su samu tafiya.

Game da lambar hula, abin ya ba mu mamaki. Kowace tsohuwar runduna ta Ingila tana da tata lamba da take alfahari da ita. Waɗannan kuwa tambarin gidan sarauta aka liƙa musu: garkuwa a tsakiya, kambin sarauta a sama, zaki a gefe ɗaya, doki mai ƙaho guda a ɗaya gefen. Rubutun da ke ƙasa ma da Faransanci yake, Dieu et mon droit, wato Allah da haƙƙina. A ganinmu wannan lamba ce ta wanda ba a yi niyyar ya daɗe ba.

Haka kuwa aka yi. Sarauniya ta rasu ran 22 ga Janairu 1901, cikin shekarar kuma aka rushe rundunar, yaƙi bai ma ƙare ba. Masu son ci gaba suka shiga Royal Garrison Regiment, aka kai su gadi Malta da Jibralta. Ita ma a 1908 aka rufe ta.