Hawan Dutsen Kilimanjaro: Shiri Da Neman Izini

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taronmu na shekara-shekara

 

Kwamitin shirye-shirye ne ya ɗora mini nauyin yin bayani a kan shawarar da waɗansu daga cikinmu suka kawo, wato a haɗa ayari a je a hau dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya. Shawara ce mai kyau, amma tun da furfura ta fara leƙo akasarinmu, ya zama wajibi mu san abin da za mu tarar kafin kowa ya sa hannu a aljihu. Da muguwar rawa, in ji Hausawa, gara ƙin tashi.

Kamar yadda malamanmu na labarin ƙasa suka koya mana, babu dutsen da ya kai Kilimanjaro tsawo a Afirka, domin ƙololuwarsa da ake kira Uhuru ta kai mita 5,895. Hans Meyer da Ludwig Purtscheller ne suka fara kaiwa can a 1889, kuma tun 1973 aka mai da wurin gandun da gwamnati ke karewa. A hanyoyin da aka saba bi, ba a bukatar igiya ko gwanintar hawan duwatsu, tafiya ce kawai ta ƙafa. To, wannan sauƙin shi ne ke yaudarar mutane.

Abu na farko shi ne izini. Hukumar gandun daji ta ƙasar, wato TANAPA, ba ta barin kowa ya hau sai da jagora mai lasisi, kuma ta hannun kamfani mai rajista ake biyan kuɗin shiga. Yawancin kamfanonin a Moshi da Arusha suke. Akwai kuɗin kowace rana da mutum zai yi a cikin gandun, da kuɗin wurin kwana, da kuɗin ceto idan wani abu ya faru. A ƙofar shiga za a rubuta sunanka da lambar fasfo ɗinka, haka kuma a zangon da aka sauka za ka sa hannu a littafi, domin a san inda kowa ya kwana. Tun da yake da lissafin kwanaki ake biya, duk kamfanin da ya yi muku araha fiye da kima, ku bincika, ko dai kwanaki ya rage ko kuwa haƙƙin 'yan dako ya danne. Araha ba ta ado. Ban da wannan, kowa zai tanadi biza, da katin allurar shawara, da inshorar da ta ambaci hawan dutse har mita 6,000 a rubuce.

Abu na biyu shi ne zaɓen hanya. Hanyar Marangu ita kaɗai ce ke da ɗakunan kwana, a zangunan Mandara da Horombo da Kibo, kuma kwana biyar ko shida ake yi. Hanyar Machame kwana shida ko bakwai ce, ta Lemosho kuwa bakwai ko takwas, dukkansu a tanti ake kwana. Mai neman sauƙi zai ce a bi Marangu a gama da wuri. Jama'a, a nan ne nake roƙon ku saurare ni da kyau.

Iska raguwa take yi yayin da mutum ke ƙara yin sama. A kan ƙololuwa, numfashi ɗaya ba ya ba jiki sai kimanin rabin iskar da yake samu a bakin teku. Daga mita 2,500 ciwon tsauni yana iya farawa: ciwon kai, da tashin zuciya, da rashin barci, da ƙin abinci. Idan aka yi taurin kai aka ci gaba, ruwa yana iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Alamarsa ita ce mutum ya riƙa haki yana zaune, ko tari mai kumfa, ko tangaɗi da sambatu. Wanda ya kai haka, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, domin jiran wayewar gari yana iya zama ajalinsa. Wannan ciwo bai san ƙarfi ba, yakan kayar da ɗan ƙwallo ya bar dattijo. Abin da jiki ke bukata shi ne lokacin da zai saba. Shi ya sa a hanyar Machame ake hawa har kusan mita 4,600 da rana, sannan a gangaro a kwana a Barranco, wajen mita 3,900. Jagororin wurin kullum cewa suke pole pole, wato sannu sannu da harshen Swahili. Mu ma mun san sannu ba ta hana zuwa.

Abu na uku, kowa ya ga likita tun kafin ya biya ko kwabo. Mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai ciwon zuciya ko asma, kada ya ɓoye. Mai sikila ba tafiyarsa ba ce, kuma ko mai jinin AS ya gaya wa likita, domin ƙarancin iska yana iya taɓa masa saifa. Akwai maganin da ke taimaka wa jiki ya saba, sunansa Diamox, amma likita ne zai rubuta shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba, saboda Afrilu da Mayu damina ce. Mu kuma kauce wa watan azumi, domin ana so mutum ya sha ruwa lita uku zuwa huɗu kullum. Daren ƙarshe da tsakar dare ake tashi, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a gora, wanda hunturun Jos bai kama ƙafarsa ba. A tanadi riguna masu kauri da za a jera bisa juna, da safar hannu, da fitilar goshi, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi. Batun kasaru da haɗa salloli da taimama, mu tambayi malamai tun muna gida. 'Yan dako kuma, ƙa'ida ita ce kada kayan da za a ɗora wa mutum ɗaya su wuce kilo 20, kuma haƙƙinsu amana ne a wuyanmu.

Game da motsa jiki, hawan Dala sau ɗaya ba zai wadatar ba. A fara doguwar tafiya da jaka a baya watanni kafin lokaci. Wanda ke son gwaji na sosai, ga Chappal Waddi a Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, a cikin gandun Gashaka-Gumti wanda aka kafa a 1991. Can ma sai an nemi izini a ofishin gandun da ke Serti, an tafi da ma'aikacinsu, an kuma tambayi halin tsaro. Sai dai a tuna bai kai rabin Kilimanjaro ba, ƙafa zai gwada mana, ba numfashi ba.

Shawarata ga kwamiti uku ce. A zaɓi hanyar kwana takwas ko da ta fi tsada. Kada a rubuta sunan kowa sai da takardar likita. Ta uku, wadda ta fi muhimmanci, mu yi alkawari tun daga nan cewa duk wanda jagora ya ce ya sauka zai sauka, kuma babu mai yi masa tsiya. Mun san halinmu tun muna ɗakin kwana ɗaya, kunyar abokai tana sa mutum ya ɓoye ciwo, kuma a kan dutse ɓoye ciwo halaka ne. Iyalanmu dawowarmu suke jira, ba hoton ƙololuwa ba.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara mana zumunci, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.